Maganin Da Ke Jikin Tsiro Da Ƙwarin Da Ke Taimakon Manomi

Jama'a manoma, an rubuta wannan takarda ne domin masu noman masara da wake da kayan lambu, musamman masu gonaki a bayan ganuwa, tun daga Ƙofar Kuyambana har zuwa ƙauyukan da ke kewaye da birnin Zariya. Dalilin rubuta ta kuwa shi ne kukan da muke ji kowace damina tun shekarar 2016, sa'ad da baƙuwar tsutsar nan mai cin masara ta shigo ƙasar nan daga nahiyar Amurka. Kukan iri ɗaya ne: "Malam, na yi feshi sau uku, sau huɗu, tsutsa sai ƙaruwa take yi, ga kuɗi sun ƙare." Wasu su ce maganin ne jabu, wasu su ce tsutsar ce ta saba da shi. Duka biyun sukan faru. Amma akwai dalili na uku wanda ba a cika faɗinsa ba, watau manomi ya kashe masu taya shi aiki da hannunsa bai sani ba.

A kowace gona akwai ƙwari masu cin shuka, akwai kuma ƙwari masu cin masu cin shuka. Tsiron da kansa yana da abubuwa a jikinsa, wasu masu ɗaci, wasu masu ƙanshi, wasu masu zaƙi, waɗanda yake kore na farko da su, ya jawo na biyu. Wanda ya gane wannan zai rage sayen magani, ya kuma san lokacin da feshi ya zama tilas.

MU FARA DA SHAYI

Kusan kowa a nan yakan tsaya teburin mai shayi da safe, amma kaɗan ne suka taɓa ganin itacen shayi, domin ba ya yi a ƙasarmu mai zafi. A Nijeriya sai an hau tsaunin Mambila a Jihar Taraba, wurin da ake kira Kakara, inda sanyi da hazo suke, sa'an nan za a ga gonarsa. Duk da haka abin da masana suka koya a kan wannan ganye ya shafe mu.

Abin nan da ke cikin shayi mai hana barci ana ce da shi kafeyin, shi ne kuma ke cikin goro. Tsiron yana tara shi ne a sabon toho, inda ƙwari suka fi so, domin tsare kansa. A shekarar 1984 wani masani a Amurka ya barbaɗa garin shayi da na kofi a abincin tsutsar da ke cin ganyen taba, sai ta rage ci, ta tsumbure. Ka ga ke nan abin da ke wartsakar da mu, ga tsutsa guba ne.

Bayan ɗaci kuma akwai ƙanshi. A ƙasar Sin, inda aka fi noman shayi, an gano cewa idan tsutsa ko ƙaramin ƙwaro mai tsotsa ya taɓa ganyen, ƙanshin ganyen yakan canza, sai gizo-gizo da wasu ƙananan dangin zanzaro su bi wannan sabon ƙanshi su zo su tarar da mai ɓarna. A tsibirin Taiwan ma akwai wani shayi mai tsada wanda ba a samunsa sai ƙwaro ya ciji ganyen, domin cizon ne ke sa ya yi ƙanshi kamar zuma. Masu nomansa ba sa feshi a lokacin, da gangan suke barin ƙwaron. To, abin da shayi ke yi, masararmu da wakenmu da audugarmu duk suna yi.

ZANZARO DA 'YAN UWANSA

Kowa ya san ɗakin laka da zanzaro ke ginawa a jikin bango ko ƙarƙashin rumbu. Muna yara an ce mana zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗaukowa ya rufe ta a ɗaki ta rikiɗe ta zama ɗansa. Gaskiyar maganar ita ce yakan harbi tsutsar ta sandare ba ta mutu ba, ya saka ƙwansa kusa da ita, ya liƙe ƙofa. Ɗan ya ƙyanƙyashe ya cinye ta. Fasa irin wannan ɗaki guda ka ƙirga abin da ke ciki. Wani za ka tarar da tsutsotsi cunkus, kuma daga gonar wani aka kwaso su. Rina ma haka take yi, tana farautar tsutsa ta tauna ta ta kai wa 'ya'yanta.

Amma mafi aiki a gona su ne 'yan uwan zanzaro ƙanana, waɗanda wasunsu ba su kai sauro ba, wasu kuwa kamar ƙwayar yashi suke. A wannan takarda za mu riƙa ce da su 'yan zanzaro. Ba sa harbin mutum, ba sa gina ɗaki. Su a cikin jikin tsutsa suke saka ƙwansu, ko a cikin ƙwan da uwar tsutsa ta saka. Da wuya ka gan su da ido, sai dai ka ga aikinsu:

Idan ka ga mataccen tsutsa, a gefenta akwai wani farin abu kamar ƙwayar shinkafa, guda ɗaya ko tari, to ɗan zanzaro ne ya fito daga cikinta ya naɗe kansa. Kada ka murje shi.

Idan ka ga darɓa a ganyen wake ko dawa, wasu daga ciki sun kumbura sun bushe sun zama ruwan ƙasa, su ma akwai ɗan zanzaro a cikinsu.

Ban da waɗannan akwai tsatso, wanda jama'a ke kashewa don an ce yana shiga kunne. Buɗe tsakiyar masara, inda sabon ganye ke fitowa a naɗe kamar mazurari, sau da yawa za ka same shi a ciki. Ƙwan tsutsa da ƙananan tsutsotsi yake ci. Akwai gizo-gizo, akwai ƙoƙi-ƙoƙi, akwai ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi a baya, wanda shi da 'ya'yansa darɓa ce abincinsu. Akwai tururuwa da cinnaka. Tururuwa kam fuska biyu gare ta: takan ja tsutsa ta kai rami, amma kuma takan yi gadin darɓa saboda ruwan zaƙin da darɓar ke fitarwa. A gonar masara abokiya ce, a gonar wake mai darɓa sai a sa ido.

YADDA MASARA KE KIRAN TAIMAKO

Ɗan zanzaro da bai kai sauro ba, yaya yake gane karan da ke da tsutsa a cikin gona mai eka biyu? Amsar ta fito ne a shekarar 1990, sa'ad da wasu masana a Amurka suka gwada masara da tsutsar da take 'yar uwar wannan tamu ce. Sun tarar idan tsutsa ta ci ganye, bayan 'yan sa'o'i masarar takan fara fitar da wani ƙanshi na daban, 'yan zanzaro kuwa su bi shi kai tsaye. Da suka karce ganyen da kansu, ƙanshin bai fito sosai ba. Da suka shafa yawun tsutsa a wurin da suka karce, sai ya fito. Watau masara tana bambance iska ko fartanya da ta yage ta da bakin tsutsa. Kuma ƙanshin ba daga ganyen da aka ci kaɗai yake fita ba, duk jikin karan ne ke fitar da shi.

Abubuwa biyu za mu riƙe a nan. Na farko, da rana ne masara ta fi fitar da wannan ƙanshi, da rana ne kuma 'yan zanzaro ke yawo. Wanda ya ɗauki famfon feshi da hantsi, lokacin da suka cika gona, su zai fara samu. Tsutsa kuwa da rana tana can ƙasan mazurari, ta toshe kanta da kashinta, magani bai kai gare ta ba.

Na biyu, kira ba shi da amfani in babu mai amsawa. Maganin feshi mai kashe kowane ƙwaro yakan share gona tas, amma ba tare suke dawowa ba. Uwar tsutsar masara malam-buɗe-littafi ce ta dare, mai ƙarfin tashi, takan zo daga nesa. Guda ɗaya takan saka ƙwai ɗari ko ɗari biyu a wuri guda, kafin ta mutu kuwa ta kai dubu. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana biyu ko uku. Abokan gona ba sa haihuwa da sauri haka, kuma sai sun sami abin ci kafin su yaɗu. Saboda haka bayan feshi tsutsa ce ke fara dawowa, ta tarar babu mai hana ta. Manomi ya ga ta ƙaru, ya sake feshi, ya sake kashe 'yan tsirarun da suka fara komowa.

Bara na ga haka a wata gona da ke bayan ƙofa. Mai ita dattijo ne mai ƙwazo, ya yi feshi tun masara ba ta kai gwiwa ba, don ya ga 'yan huji a ganye. Da na je bayan feshi na huɗu muka buɗe kara hamsin tare da shi. Ba mu sami tsatso ko ɗaya ba, babu yanar gizo, tsutsa kuwa manya-manya har biyu a wani karan. Ya ce da ni, "Ɗana, to me ya rage in saya?" Na ce, "Baba, a bana dai kada ka ƙara sayen komai, sa yara su bi ta da hannu." Ya sami masara, amma kuɗin maganin ya cinye ribar.

Wannan ba a gonarmu kaɗai ya faru ba. A ƙasar Indunusiya yawan feshi ya sa wani ƙaramin ƙwaron shinkafa ya gagara, har a shekarar 1986 gwamnatinsu ta hana amfani da magani iri 57 a gonakin shinkafa, ta koma koya wa manoma su san ƙwarin da ke taimakonsu.

ZAƘIN DA KE RIƘE SU A GONA

'Ya'yan ɗan zanzaro nama suke ci, amma uwar ruwan zaƙi take sha. In ta samu takan daɗe ta saka ƙwai da yawa, in ba ta samu ba kwana ɗaya ko biyu ta mutu. Masara ba ta da irin furen da ke ba da wannan ruwa. Gonar da babu komai cikinta sai masara zalla, an kuma fesa maganin ciyawa har kan iyaka, gona ce da baƙo zai zo aiki bai sami ko ruwan sha ba.

Duba sandar furen wake da safe, za ka ga tururuwa sun taru a wani ɗan kumburi tsakanin furanni. Ruwan zaƙi ne waken ke fitarwa a nan. Juya ganyen auduga ko na rama, a kan babbar jijiya akwai wani ɗan gurbi mai yin haka. Tsiron yana biyan masu gadinsa lada ke nan. Riɗi ma furensa yana ciyar da 'yan zanzaro ƙwarai, har a ƙasar Sin ana shuka shi a kan kunyoyin da ke kewaye da fadamun shinkafa musamman don haka.

A nan sai mu yaba wa iyayenmu. Haɗa gero da dawa da wake a gona guda, da jefa kuɓewa da yakuwa da riɗi a gefe, an daɗe ana yi masa kallon aikin rashin sani. Amma tun wajen shekarar 1966 wani masani na Samaru mai suna David Norman ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi yana auna abin da suke samu, ya tarar haɗa shuka ya fi shuka zalla tabbas, sau da yawa kuma ya fi riba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wannan da muke magana: ƙanshi ya cakuɗe, mai ɓarna ya sha wahalar gano abincinsa, abokan gona kuwa su sami abin sha. A ƙasar Kenya cibiyar binciken ƙwari ta icipe ta gina wata dabara a kan haka. Ana shuka wani ɗan uwan wake mai yaɗo, Desmodiyam, a tsakanin layukan masara, a kewaye gonar da doguwar ciyawa wadda uwar tsutsar kara ta fi so. Tsutsa takan ragu, ƙuduji ma ya ragu, ga abincin dabbobi. Irin Desmodiyam ba ya samuwa da sauƙi a kasuwanninmu, don haka ni shawarata a fara da abin da ke hannu: layin wake ko gyaɗa a tsakanin masara, riɗi a kan iyaka, a kuma bar 'yan ciyayi masu fure a bakin gona.

MAGANIN TSIRO MA YAKAN TAƁA ABOKI

Kada wani ya ɗauka duk abin da ya fito daga tsiro lafiya lau ne. Ɗacin da tsiro ya tanada domin tsutsa yakan bi ta jikin tsutsar ya kai ga wanda ke cikinta. An gwada wannan a taba: tsutsar da ta ƙoshi da ganyen taba mai ƙarfi, 'yan zanzaron da ke cikinta da yawa ba sa rayuwa. An ga irinsa a tumatir, wanda ganyensa ke da nasa dafin, ga kuma gashi mai danƙo da ke kama ƙananan ƙwari ba ya zaɓe. Shi ya sa abokan gona ba su cika ƙarfi a tumatir kamar yadda suke a masara ba, kuma masu lambu suka sha wuya a 2016 da tsutsar tumatir ta cinye lambunan Kaduna da Kano.

To, haka abin yake ga magungunan da muke haɗawa a gida. Kowanne da halinsa.

Ruwan taba yana kashe ƙwari nan take, amma ba ya bambance aboki da maƙiyi. Yana kuma shiga jikin mutum ta fata, ya sa jiri da amai. Ban da haka taba takan ɗauko cutar da ke murɗe ganyen tumatir da barkono. Ba mu ba da shawarar a yi amfani da shi ba.

Majimfa, wadda ake kama kifi da ita, tana kashe ƙwarin wake. Amma abin da ya sa take kama kifi shi ne haɗarinta. Wanda ya yi aiki da ita kada ya wanke famfo ko bokiti a Kubanni ko Galma ko wani kududdufi.

Barkono da tafarnuwa kora suke yi fiye da kisa, ƙarfinsu ba ya daɗewa. A kiyaye ido.

DOGON YARO

Wanda ya fi dacewa da abin da muke nema shi ne dogon yaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne, an fara dasa shi a Barno a shekarar 1928. A 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari yana ƙasar Sudan fara ta sauka, ta cinye kowane ganye, ya lura dogon yaro kaɗai ta bari kore. Daga nan aka shiga bincikensa, a 1968 aka ware abin da ke cikin ƙwallonsa mai wannan aiki.

Aikinsa iri biyu ne. Yana sa tsutsa ta ƙi cin ganye. Wadda ta ci kuma, yakan hana ta saɓa. Tsutsa ba ta girma sai ta tuɓe tsohuwar fata sau biyar ko shida, in ta kasa sai ta mutu a hankali. Ka lura, sai an ci shi yake aiki sosai. Tsatso da gizo-gizo da uwar ɗan zanzaro ba sa cin ganye, don haka yawancinsu sukan tsira. Rana kuma takan karya ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, ba ya zama a gona.

Amma fa ba a ce ba ya taɓa su sam ba. In aka jiƙa 'ya'yan jan ƙwaron nan mai cin darɓa da shi kai tsaye, ko aka yi shi da kauri ainun, ko aka zuba mai da yawa, yakan cuce su. Tsutsar da ya kashe da ɗan zanzaro a cikinta, shi ma ya tafi. Saboda haka shi ma ba a fesa shi don sabo, sai da dalili.

Ga yadda ake haɗa shi:

1. A tsince 'ya'yan da suka nuna suka zubo. Waɗanda jemagu suka tsotse suka yar sun fi sauƙin aiki. A wanke, a shanya a inuwa su bushe sarai, a ajiye cikin buhun algarara ko kwando inda iska ke shiga. Wanda ya yi fumfuna a zubar.

2. A sussuka a turmi a hankali ɓawon ya fashe, a sheƙe, sa'an nan a daka ƙwayar ta yi laushi. A keɓe turmin da ba na abinci ba, in ba haka ba uwargida za ta yi magana, gaskiya kuwa tana wajenta.

3. Rabin kilo na dakakkiyar ƙwaya ga lita 10 na ruwa. Famfon goyo mai lita 15 zai ci kashi uku cikin huɗu na kilo. In da ɓawonsa aka daka, a ninka.

4. A jiƙa ya kwana. Kashegari a tace da ƙyalle mai laushi sau biyu, don kada ya toshe bakin famfo. A narka ɗan sabulu kaɗan a zuba, shi ke sa ya kama ganye.

5. A fesa a ranar da aka tace, da la'asar sakaliya zuwa magariba. Lokacin rana ta yi sanyi, ƙudan zuma da 'yan zanzaro sun koma, tsutsa kuwa ta fara fitowa ci. A masara a saita bakin famfo cikin mazurari, ba a yi wa gona wanka ba.

6. A sake bayan kwana biyar zuwa bakwai in an duba an ga da bukata. In ruwa ya sauka a daren, a sake.

Ganyen ma ana jiƙawa, amma ƙarfinsa bai kai na ƙwallo ba ko kusa. Abin da ke sa mutane su yar da dogon yaro shi ne rashin haƙuri. An saba da maganin kanti, a fesa a ga ƙwaro ya faɗi. Wannan kuwa kashegari za ka ga tsutsar tana nan da rai. Dubi ganyen, kada ka dubi tsutsar: in babu sabon huji, babu sabon kashi, ya kama ta. Kuma ƙananan tsutsotsi yake ci. Wadda ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu ta wuce shi, sai hannu.

A DUBA KAFIN A FESA

Daga ranar da masara ta tsiro, a shiga gona sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe. A bar layukan baki, a tsaya wuri biyar daban-daban a cikin gona, a kowane wuri a duba kara goma. Hamsin ke nan. Ana gane baƙuwar tsutsa da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar kusurwoyin ɗaki kusa da wutsiyarta, da wani farin zane mai kama da gwafa a goshinta. Abin da ake ƙirgawa shi ne karan da ke da sabuwar ɓarna.

In masara ƙarama ce, ba ta wuce gwiwa ba, sai an sami kamar kara 10 cikin 50 kafin a yi maganar feshi. In ta girma ta doshi fitar da kai, sai an kai kamar 20 cikin 50. Abin da bai kai haka ba a bi shi da hannu. Masara mai ƙoshin taki da aka shuka da wuri tana jure hujin ganye fiye da yadda ake zato, ganyen ya yi muni amma goyo ya fito lafiya. Wasu manoma sukan zuba ɗan yashi ko toka ko busasshiyar ƙasa a mazurari, yana taimakawa a ƙaramar gona. Toka kada ta yi yawa, tana ƙona ganye.

Ƙwan tsutsa ana ganinsa a manne a ganye, tari guda, da wani abu kamar auduga a kansa. Maimakon a murje duka, ga dabara. Yanke guntun ganyen da ƙwan, ka sa a gwangwani, ka ɗora gwangwanin a tsakiyar kwano mai ruwa da ɗan sabulu, ka ajiye a inuwa a bakin gona inda ruwan sama ba zai shiga ba. Tsutsotsin da suka ƙyanƙyashe ba su da hanyar fita, sai su mutu. Ƙwan da ɗan zanzaro ya riga ya shiga kuwa zai yi baƙi ƙirin ya daɗe bai fashe ba, bayan kwana goma ko sama da haka 'yan zanzaro su fito su tashi su koma gonarka. Yara suna son wannan aiki, a ba su.

In an ƙirga an ga abin ya wuce misali, dogon yaro kuma bai tsayar da shi ba, to a sayi magani. A nemi mai lambar NAFDAC, a tambayi malamin gona wanda ya fi sauƙi ga abokan gona, domin ba duka suke ɗaya ba. A bi awon da ke jikin kwalba, kada a haɗa iri biyu ko uku don a ƙara ƙarfi. A rufe hanci da baki da hannu, a fesa da yamma, cikin mazurari, a kuma yi wa ɓangaren da ya kamu kaɗai in ba duk gonar ba ce. Wurin da aka bari shi ne mafakar da abokai za su fito su sake cika gona. Tsofaffin magunguna irin su Gamalin da DDT da aka yi feshin auduga da su a da, an hana su, ko an ba ka kyauta kada ka karɓa.

Masu noman wake su san cewa a watan Disamba na 2019 an fitar da irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta samar mai suna SAMPEA 20-T, wanda ke ɗauke da maganin tsutsar fure da kwanso a jikinsa. Da shi feshi biyu ya isa a maimakon shida ko takwas. Amma ba ya hana darɓa da ƙwarin da ke tsotsar kwanso, don haka duba gona bai faɗi ba.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun riga mu nisa a wannan hanya. Tun wajen 2006 ma'aikatan binciken gona na can suke kiwon wani ɗan zanzaro domin tsutsar da ke cin zangarniyar gero, wadda suke kira murzuna. Ana sa shi cikin 'yan ƙananan buhunan algarara tare da ɗan hatsi da tsutsar da zai hayayyafa a kanta, a rataye a itatuwa kewaye da gari sa'ad da gero ya fara fitar da kai. Su fita ta ƙofofin buhun su bazu cikin gonaki. Abin da ya sa ta yi aiki shi ne gari guda ake haɗa kai a yi, domin ɗan zanzaro bai san iyakar gona ba. Mu ma a nan, in mutum ɗaya ya rage feshi maƙwabtansa huɗu suna yi kowane mako, amfanin da zai gani kaɗan ne. Ya kamata masu gonaki a jere su zauna da mai unguwa ko sarkin noma kafin shuka, su yarda a kan ranar shuka da ranar duba gona.

Duk wanda ya ga wani ƙwaro a gonarsa bai san ko aboki ne ko maƙiyi ba, ya sa shi a kwalba tare da ganyen da ya same shi a kai, ya kawo wa malamin gona na yankinsa, ko ya kai ofishin yaɗa aikin gona da ke Samaru.